Karatu a Miƙe da Karatu Mai Zango

Akwai maganar da iyaye ba sa son ji daga bakin ɗan da ke jami'a: "Baba, ina so in ɗan jingine karatun nan in nemi abin yi, in ya so daga baya in koma." Amsar kusan iri ɗaya ce a kowane gida. "Ka gama tukuna. In ka karɓo kwalinka, ka je ka yi duk abin da ka ga dama." Uban ba mugunta yake yi ba. Ya ga 'ya'yan maƙwabta da suka ce za su je su dawo, ga su nan har yau a bakin kasuwa, takardunsu na aji biyu suna ƙasan akwati. Shi ma ɗan ba lallai ne lalaci ya sa shi maganar ba. Sau da yawa ya shekara biyu yana zama a ajin da bai san inda zai kai shi ba.

Abin da ba a cika lura da shi ba a wannan gardama shi ne, Najeriya ta daɗe da shimfiɗa hanyoyin biyu a cikin tsarin iliminta. Ta jami'a a miƙe take: shekara huɗu ga yawancin kwasa-kwasai, biyar ga injiniya da lauya, shida ga likita, daga nan sai bautar ƙasa. Ta kwalejin kimiyya da fasaha, wadda kowa ke kira Poli, tana da zango a tsakiya. Ɗalibi zai yi shekara biyu ya karɓi ƙaramar difloma, ND, sannan a ce masa ya fita. Ba za a ba shi gurbin babbar difloma, HND, ba sai ya kawo shaidar ya yi shekara guda yana aiki. Wanda sakamakonsa ya yi rauni ma, makarantu da yawa shekara biyu suke nema daga gare shi. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke kula da wannan tsari. Saboda haka abin da uba ke tsoro a gida, doka ce a Poli.

Don a gane amfanin zangon, sai an duba yadda ake zaɓen abin da za a karanta tun farko. Yaro ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ne zaune a shagon kwamfuta ana cike masa fom ɗin JAMB. Sana'o'in da ya sani da suna ba su wuce biyar ba: likita, lauya, injiniya, akanta, soja. Bai taɓa kwana a asibiti yana jinya ba balle ya san yadda likita ke kwana. Yayansa ne a tsaye a kansa, ko mai shagon, yana cewa "sa masa likitanci." A 'yan shekarun nan masu zana jarrabawar sun doshi miliyan biyu a shekara, guraben likitanci da lauya kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sai sakamako ya fito, wanda ya nemi likitanci a ba shi ilimin tsirrai, wanda ya nemi lauya a ba shi tarihi. A gida a ce, "Karɓi kawai, ai digiri digiri ne." Da wannan "karɓi kawai" ɗin dubban matasa suke shiga hanyar da ba ta da wurin tsayawa sai bayan shekara huɗu. Ba ina nufin ilimin tsirrai ko tarihi ba su da daraja ba ne. Ina nufin ba shi ya zaɓa ba, kuma babu ranar da tsarin ya ware don a tambaye shi ko ya gamsu.

To a ɗauki takwaransa da ya gama ND a fannin gine-gine, ya samu wani ɗan kwangila ya ɗauke shi a wurin ginin bene. A aji an koya masa cewa haɗin kankare ɗaya ne da biyu da huɗu: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Ranar zuba dakin ce zai fara ganin abin da lissafin ke nufi. Tun da asuba leburori sun yi layi da kwanon sarki a ka, injin kwaɓa yana ruri, kafintoci suna ƙara duba katakon da ya tokare. An ba shi littafi an ce ya ƙirga buhunan siminti da ke shiga. Wajen azahar sai ya lura mai zuba yashi ya fara cika kwano har yana zuba, mai ruwa kuma yana ƙara bokiti don kwaɓin ya yi saurin gudu, aiki ya ƙare da wuri. Ya san ruwa in ya yi yawa kankare rauni yake yi, amma wanda zai gaya wa ya haife shi. Nan zai koyi yadda ake cewa, "Baba, don Allah a ɗan rage ruwan nan, oga zai yi faɗa da ni," maimakon ya buɗe littafi ya karanto masa doka. Zai ga wurin da zane ya ce rodi mai milimita 16, aka sa mai 12 saboda mai gida ya ce kuɗi sun yi ƙasa. Zai ga an ɗebi kwaɓin an zuba a ɗan akwatin ƙarfe don a gwada ƙarfinsa bayan kwana 7 da kwana 28, ko kuma ya ga ba a damu da ɗiba ba sam, ya fara tambayar kansa dalili.

Kafin shekarar ta ƙare, abu ɗaya cikin uku zai faru da shi. Ko dai ya ji cewa nan ne wurinsa, rana da ƙura ba su dame shi ba. Ko ya gano cewa ba ginin ne ke burge shi ba, lissafin kuɗin ginin ne: nawa bulo, nawa rodi, ina kuɗin ke zurarewa, sai ya karkata ga ƙididdigar kayan gini. Ko kuma ya tabbatar wa kansa cewa ko kyauta ba ya son aikin nan. Duka ukun riba ce, kuma ni a ganina ta ukun ta fi sauran tsada, domin ya same ta yana ɗan shekara ashirin, da sauran lokacin gyara. Wanda ya zarce yakan gano irin wannan ne bayan bautar ƙasa, lokacin da 'yan uwa suka gama yi masa walima suna jiran ya fara ɗaukar nauyin ƙanne.

Malaman Poli sun san bambancin ajin ND da na HND ko da ba su duba jadawali ba. A na farko ana tambaya, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" A na biyu akan samu mai ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, a inda na yi aiki ba haka ake yi ba." Wani lokaci shi ne ke kan kuskure, sai malamin ya nuna masa dalilin da ya sa abin da ya gani a waje ganganci ne. Wani lokaci kuma takardar malamin ce ta tsufa. Ko ta wace fuska, an yi karatu a ranar. Gani ya kori ji.

Fita aiki sannan a koma karatu ba baƙon abu ba ne a Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauchi ya yi ta koyarwa sama da shekara goma kafin ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, shi ma ya koyar a Bauchi, sannan ya bi sahu zuwa Landan a 1946. Shi ne ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Mutumin da ya riƙe alli shekaru, ya ga yadda En'e ke tafiyar da makarantu da malamansu, ba irin kunnen da ɗan makaranta zalla ke saurare da shi yake sauraren lacca ba. Bayansu an yi zamanin da malamin firamare ke hawa tsani a hankali: ya yi Grade II, ya koyar, ya koma ya yi NCE, ya sake koyarwa, sannan ya riƙa zuwa Zariya a lokacin dogon hutu yana haɗa digiri a Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 don irin waɗannan aka yi ta. Ko a karatun allo, gardi bai taɓa ganin ɗinkin hula ko yankan farce a matsayin barin karatu ba. Karatun da ake yi a miƙe tun daga firamare har digiri ba tare da an taɓa neman ko sisi ba, shi ne sabon abu a wurinmu.

Jami'a ba ta jahilci wannan ba. Tun a 1906 wani malamin injiniya mai suna Herman Schneider ya fara tsari a Jami'ar Cincinnati ta Amurka inda ɗalibai ke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta. A nan gida an kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, shi kuma ya fito da shirin SIWES na koyon sanin makamar aiki, wanda a ƙarƙashinsa ɗaliban kimiyya da injiniya da noma ke fita na wasu watanni, galibi shida a jami'a. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ɗalibin da ya je sanin makamar aiki baƙo ne, kowa ya san zai tafi. Ba a damƙa masa makulli, ba a cire masa albashi in ya makara. A wasu ma'aikatun iyakarsa zama a benci da aiken sayo kati ko abinci, a ƙarshe ya zauna dare ɗaya ya cike littafin rahoton wata shida da biro kala biyu don kada a gane. Mai karanta tarihi ko Hausa ko siyasa kuwa, yawanci ko wannan ɗin ba ya samu. Adalci kuma shi ne a faɗa cewa shekarar Poli ma ba ta tsira daga wannan cuta ba. Akwai wanda zai kwana a gida wata goma sha biyu, ya je wurin abokin babansa mai kamfani a buga masa takarda da hatimi. Shi wannan ya yi asarar shekara kuma bai sayi komai da ita ba.

Yanzu sai a juyo ga abin da ke hannun masu cewa a zarce, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Babbar hujjarsu shekaru. Hukumar bautar ƙasa, tun da Janar Gowon ya kafa ta a 1973, ta zama ƙofar da ake bi a shiga aikin gwamnati da manyan kamfanoni, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa sansani, takardar yafewa ake ba shi. Bankuna da wasu kamfanoni sun fi haka tsanani, sukan rubuta a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata cewa kada mai nema ya wuce ashirin da shida ko da bakwai. Aikin ɗamara ma da iyakarsa. Yaron da ya yi shekara biyu yana neman gurbi, yajin aiki ya ci masa ɗaya, ba shi da rarar shekarar da zai kashe wajen neman sanin kansa. A wata ƙasar ana iya ɗaukar hutun shekara don a ga duniya. A nan tsarin da kansa yakan ƙwace shekarar ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Hakan ta faru a gaban idonmu sau biyu. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba, ga annobar korona a kai. A 2022 ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗalibai suka bazu. Wasu suka shiga Farm Centre a Kano suna koyon gyaran waya, wasu Kantin Kwari wurin kawu, wasu Dawanau suna bin motocin riɗi da waken suya, wasu suka kafa lema da na'urar POS a bakin titi, wasu suka karɓi A Daidaita Sahu suna kawo balas kullum. 'Yan mata da yawa suka koyi ɗinki, ko yin cincin da kek suna tallatawa a WhatsApp. Da aka buɗe makarantu sai ajin ya rabu. Akwai wanda ya dawo ido a buɗe: mai karanta lissafin kuɗi da ya riƙe littafin bashin shago, ya ga yadda dila ɗaya ke fita a kan amana ba rasit, ya dawo yana son sanin yadda ake tsara irin wannan dukiya. Akwai wanda jikinsa ne kawai ya dawo, yana bayan aji yana amsa kiran kwastoma, sai mako biyu kafin jarrabawa ya nemi takardun abokai. Akwai kuma kujerun da ba a sake ganin masu su ba.

Kuɗi ne ke riƙe su, kuma ba abin zargi ba ne. Saurayin da ya saba ya sa hannu a aljihu ya ba mahaifiyarsa cefane, da wuya ya koma jiran a turo masa na mota. Ubangidansa a kasuwa kuma yana da tasa hujjar mai nauyi: "Kai yaro, masu digirin nan ba su ne ke zuwa nan neman in ɗauke su ba? Zauna, baɗi in buɗe maka shago." In aka ƙara da tsadar rajista da ta tashi a jami'o'i da dama tun 2023, komawar sai ta zama hawan dutse.

A nan ne nake ganin ainihin bambancin yake, kuma ba tsakanin aiki da karatu ba ne. Tsakanin fita da takarda ne da fita hannu rabbana. Mai ND in ya fita bai dawo ba, yana da shaidar da zai nemi aiki da ita, yana kuma iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu in sakamakonsa ya yi kyau, ko bayan shekaru. Wanda ya bar jami'a a aji uku kuwa, a idon mai ɗaukar aiki ɗan sakandare ne. Shekarunsa uku ba su da suna. Kuma ƙofar ba ta zama a buɗe har abada: ƙa'idar da jami'o'i ke bi ita ce kwas ɗin shekara huɗu ba ya wuce shida, wanda kuma ya ɓace bai rubuta takardar jingine karatu an amince masa ba, sunansa ake sokewa. Amurka, inda ake yawan ba da labarin waɗanda suka bar jami'a suka yi arziki, tana da mutum sama da miliyan 36 da suka fara kwaleji ba su fita da kowace shaida ba. Ana son ambaton Steven Spielberg, mai shirya finafinai, wanda ya bar jami'a a ƙarshen shekarun 1960 ya koma ya karɓi digirinsa a 2002. Labari ne mai daɗi, amma mutumin da duniya ta riga ta san sunansa ba shi ne ma'aunin ɗan Kurna ko ɗan Rigasa ba.

Ga 'ya mace lissafin ya fi tsauri. Shekarar da aka ce ta fita aiki, a gidaje da yawa ita ce shekarar da manema ke samun bakin magana: "Ai ta gama difloma, me ake jira?" Za a yi alkawari a gaban waliyyai cewa za ta ci gaba a ɗakinta. Wasu mazan suna cikawa, har su riƙa kai ta makaranta da goyo. Wasu kuma da an haifi na fari maganar ta mutu. Uwar da ta dage 'yarta ta zarce ta gama kafin komai, ta san abin da take gudu, kuma ban ga laifinta ba.

Akwai kuma karatun da bai yarda da zango ba. Likitanci da haɗa magunguna da lissafi mai zurfi gini ne hawa-hawa, in aka bar su shekara biyu sai an koma tushe. Su likitoci ma aikin yana cikin karatun, tun suna aji huɗu suke zagayen gadaje. Sannan wanda ya dawo daga kasuwa yakan dawo da wata 'yar cuta da ba a cika faɗa ba: duk darasin da bai ga inda zai sayar da shi gobe ba, sai ya raina shi. Alhali wani ilimin sai bayan shekara goma yake biyan mai shi, wani ma ba da kuɗi yake biya ba. Jami'a in tana aikinta, wuri ne da matashi ke samun sararin karanta abin da ba a aike shi ba. Wannan sarari yana da daraja, kuma wanda ya saba da ciniki yakan rasa haƙurinsa.

Duk da haka, in aka kawo mini yaron da bai san abin da yake so ba, wanda aka ba kwas ɗin da bai nema ba yana ta jan ƙafa, zan fi son ya bi hanya mai zango, da sharaɗin zangon na da ranar tashi kuma akwai takarda a hannu kafin a sauke kaya. Haka fatake ke yi: inda za a kwana da ranar da za a ɗaura wa jakuna kaya duk an san su tun kafin a bar gida. Wanda kuma ya riga ya fita ba shiri, hanyar komawa ba ta toshe gaba ɗaya ba. Akwai karatun yamma da na ƙarshen mako a jami'o'i da Poli-Poli, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a mulkinsa na farar hula, sannan shi da kansa ya shiga a matsayin ɗalibi har ya kai ga digirin digirgir. Sai dai mai karatun yamma ko na ƙarshen mako ya sani ba zai sa kakin bautar ƙasa ba, wasiƙar cire shi daga shirin za a ba shi.

Abin takaicin shi ne ita gwamnatin da ta tsara hanya mai zango, ita ce kuma ke hukunta wanda ya bi ta. Mai HND ya yi shekara biyar, ɗaya daga ciki a bakin aiki, mai digiri ya yi huɗu. Amma shekara da shekaru a aikin gwamnati mai HND yana tsayawa a mataki na 14, yana kallon wanda ya koya wa aiki ya wuce shi ya zama darakta, sai fa in ya koma jami'a ya ƙaro wata takardar. Hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi ba ta rubuta shi a rukunin cikakken injiniya da HND kaɗai. A Kaduna, Poli tana maƙwabtaka da kasuwar Panteka, inda maƙera da masu walda ke ƙera injin niƙa da na casar hatsi, kuma babu wanda zai gaya maka inda injin ke ciwo kamar ɗalibin da ya yi shekararsa a can. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambancin da ke tsakanin HND da digiri. Har Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba.